Amsa ga Kawu a Tudun Wada kan wasan da ba shi da dandamali

Kawu, tambayar da ka yi mini a zaurenka ta tsaya mini a rai, domin ka haɗa abu biyu: wane irin wasan kwaikwayo nake yi a Landan, kuma ko mu da aka haifa a can har yanzu Hausawa ne.

Wasan namu ba shi da dandamali, ba shi da kujerun 'yan kallo. Tsohon gini ake samu a shirya ɗakunansa, sai ɗan kallo ya shiga da ƙafarsa, ya buɗe akwati, ya karanta wasiƙar da aka bari a kan tebur, ya bi duk ɗan wasan da ransa ya so. Ƙungiyar Punchdrunk, wadda Felix Barrett ya kafa a shekarar 2000, ita ta yi fice a wannan fanni, har takan rufe wa 'yan kallo fuska ta hana su magana. Akwai fasahar da idan mutum ya ɗaga waya zai ga titin gaske da wani hoto a kansa, kamar yadda wasan waya na Pokémon Go ya yi a 2016. Mu ma haka muke ɗora labari a kan wurin gaske, amma da mutane da haske da ƙamshi.

Ni dai a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na fara sanin irin wannan wasa. Ya sha ba mu labarin tashen Zariya bayan azumi ya kai goma, yadda yaro zai liƙa gemun auduga ya shigo tsakar gida yana dogara sanda, matan gida su amsa masa tamkar tsohon gaske. Kuma a Samaru, tun shekarun 1970, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke kai wasa ƙauyuka, manoma su sa baki a ciki.

Shi ya sa ya yi mini ciwo da ka ce mun zama Turawa saboda na auri Baturiya. Kowace ƙaramar Sallah mukan kama zauren taro a kudancin Landan, mu shimfiɗa tabarmi, mu kunna turaren wuta, yaranmu su bi ɗaki ɗaki suna tashe. Hausarsu tana da gargada, ban musa ba, amma matar tawa ce take ɗinka musu gemun audugar, kuma ita take gyara musu amshin idan sun ɓata.