Lewandowski ko Lewandowska: wayata ce ke sauya sunan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da na nemi labarin Robert Lewandowski a Google sai in riƙa ganin "Lewandowska" a wasu wurare. Wayata ce ke ɓata rubutun? Kuma a ina zan ga asalin sunan da yawan masu shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wayarka lafiya lau take, kada ka taɓa mata komai. A ƙasar Folan sunan dangi da ya ƙare da "-ski" na namiji ne, mace kuma a ce "-ska". Shi ya sa matar ɗan wasan ake kiranta Anna Lewandowska. Sunan ya fito ne daga sunan wuri, Lewandów, wanda ake dangantawa da wani tsiro mai ƙanshi da suke kira lawenda. Yana cikin sunayen dangi goma mafi yawa a ƙasar, masu shi kusan 90,000 ne. Na farko shi ne Nowak, wato sabon zuwa, da kusan mutum 200,000, sai Kowalski, daga kowal, maƙeri.

Maganar ƙidaya kuwa, ni ban cika yarda da shafukan da ke sayar da "tarihin gidanku" ba, da yawansu kwafe-kwafe ne kawai. Je ka dane.gov.pl, shafin gwamnatin Folan, ka rubuta "nazwiska", wato sunayen dangi a harshensu. Za ka samu jerin sunaye daga rajistar PESEL, wadda ke ba kowane ɗan ƙasa lamba mai alƙaluma 11. Abin lura: jerin maza daban, na mata daban. Sai ka haɗa adadin Lewandowski da na Lewandowska, in ba haka ba rabin lissafi ka samu. Mai son tsofaffin takardun haihuwa da aure na coci-coci ya duba shafin Geneteka, kyauta ne.

Idan ka sauke jerin sunayen a fayil ɗin CSV (wani nau'in fayil na jadawali) ka buɗe shi a Excel kai tsaye, wani lokaci suna kamar Wiśniewski zai fito a dagule da wasu alamomi marasa kan gado. Fayil ɗin bai lalace ba. Shiga Data, sannan From Text/CSV, ka zaɓi UTF-8. Irin matsalar da ƙ da ɗ namu ke fuskanta ce a tsofaffin kwamfutoci.

Tambaya: To yaya zan rubuta haruffan harshen Folan?

Amsa: Haruffa tara ne na musamman: ą, ć, ę, ł, ń, ó, ś, ź, ż. A Gboard, manhajar madannan rubutu ta Google a waya, ka shiga saitin harsuna ka ƙara Polski, wato harshen Folan, sai ka danne s ka ɗan riƙe, ś zai bayyana. A Windows ka sa tsarin madannai mai suna Polish Programmers, ka riƙe Alt na dama ka buga harafin. Ź kaɗai ya bambanta: Alt na dama da x ke fito da shi. Ka daure ka rubuta su daidai lokacin nema a cikin fayil ɗin, domin Excel ba ya ɗaukar s da ś a matsayin harafi ɗaya.