Tambaya da Amsa: Buhu ko ƙulli, wanne ya fi sauƙi a sayen gawayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne a gida, kuma tun da gas ya fi ƙarfinmu kullum ƙullin gawayi nake saya a bakin layi. Maigida ya ce buhu ya fi araha, amma na taɓa saye na tarar kusan rabinsa gari ne. Yaya zan yi?
Wata uwargida daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ya yi gaskiya. Mai ƙulli buhun ya saya ya kasa, ya ɗora ribarsa da kuɗin leda, ke kike biya. Idan kuɗin buhu ya yi yawa, ku haɗa ke da maƙwabciya ku raba. Kuma a saya da rani, don da damina itace ba ya bushewa, hanyoyin daji su lalace, farashi ya hau.

Kada girman buhu ya ruɗe ki. Manyan gaɓoɓi ake jerawa a baki, gari da ƙasa suna gindi, don haka a sa hannu a laluba ƙasan buhun, ko a zazzage a gaban mai saye. Ki ɗauki gaɓa biyu ki gwara: mai kyau yana ƙara ƙal-ƙal, in an karya cikinsa baƙi ne wuluk mai sheƙi. In kika ga cikin da ja-ja, bai ƙone ba, hayaƙi zai yi. Na kirya da na marke sun fi nauyi da daɗewa a wuta, shi ya sa maƙera ke neman kirya. Amma nauyi kaɗai ba shaida ba ne, jiƙaƙƙe ma nauyi gare shi, ga wuyar kamawa ga tartsatsi. A gida a ɗora buhun kan katako, nesa da danshi.

Garin kuwa kada ki zubar. Ki tankaɗe kwano 10, ki dama kwano 1 na sitacin rogo kamar koko, ki kwaɓa, ki cura kamar ƙwai, ki shanya kwana 3 zuwa 5 har cikin ya bushe. In yana wargajewa, sitacin ya yi kaɗan.

Sai murhu, inda yawancin kuɗin ke zurarewa. Kurfoti na zallar ƙarfe yana zubar da zafi ta gefe. Wanda aka shafe cikinsa da yumɓu ya fi riƙe wuta, ga ƙofar iska da za ki tura da zarar tukunya ta tafasa. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, in an gama ki juye garwashin a gwangwani mai murfi ya mutu. Ruwa lalata shi yake.

Tambaya: A dajinmu ake ƙona gawayi, amma mu kara da kashin shanu muke girki da su. Me ya sa ya yi mana tsada?
Wani manomi daga Ningi

Amsa: Malam, kasuwarsa a birni take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, gas da kananzir ma suka yi tsada, gidajen birni da masu shayi da masu gasa masara suka koma kan gawayi. Dillali na zuwa da mota ya kwashe duka da kuɗi hannu, mai ƙonawa ba zai tsaya sayar da kwano-kwano ba. Ga asara a ƙonawar kanta: in an jera itace an rufe da ciyawa da ƙasa, kilo 5 zuwa 10 ne ke ba da kilo 1. Inda iska ta sami kafa, wurin toka yake zama. Kirya kuma tana ƙarewa kusa da gari, sai an nausa daji.

Tambaya: Da sanyi ina shiga da garwashi ɗaki saboda yara. Akwai illa?
Wata mai jego daga Zariya

Amsa: Akwai, babba ma. Garwashi na fitar da iska mai guba marar launi marar wari, ko da babu hayaƙi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da amai, mai barci kuwa ba ya farkawa. Ki ɗumama ɗakin taga a buɗe, ki fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda ya fara jiri a fito da shi sarari, a kai shi asibiti nan take.