Lambun Buhu a Tsakar Gida: Riba ce ko Ɓarnar Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum bayan la'asar muna zama a majalisarmu wajen mai shayi, kuma hirar ba ta wuce ta zafin gari da kuɗin mai da tsadar cefane. Rannan na ce zan shuka tumatir da attaruhu a buhuna a tsakar gida, sai wani abokina ɗan acaɓa ya ce ɓarnar ruwa ce, tunda mu ma wajen 'yan garuwa muke saye. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar abokinka ta tumatir gaskiya ce, amma kada ka fasa lambun.

Yanzu bazara ake ciki, tumatir kuwa ba ya son wannan zafin. Zai yi ganye ya yi fure, sai furen ya kakkaɓe ba ka ga ɗa ko ɗaya ba, ga jarkokinka sun tafi. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura a jihar Kano suke renon iri idan damina ta ja baya, su ci amfaninsa cikin hunturu. Ga kuma tsutsar tumatir da ake kira sharon, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, har yau ba ta bar mu ba. Ka jira Oktoba.

Abin da zan ce ka shuka yau ganye ne. Ni buhu goma sha biyu gare ni a bayan madafi: alayyafo, yakuwa, rama, sai zogale biyu jikin katanga. Alayyafo cikin sati huɗu an fara tsinka, kana yanka yana sake tofowa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane ƙullin ganye yana zuwa kasuwa da kuɗin motarsa a kai, don haka ranar da uwargida ta tsinko na miya a gida, ni kam ina jin sauƙin a aljihuna.

Batun ruwa shi ne ya fi damuna, domin nan mutane suke karaya. Ban taɓa saya wa buhunan nan ko jarka ɗaya ba. Muna tara ruwan alwala a roba, da na wankin shinkafa da kayan miya, a zuba da sassafe ko bayan magariba. Ruwan sabulu kaɗai ba ma zubawa. Ka huda gindin buhun, ka haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya (ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi), sannan ka rufe saman da busasshen ganye don laima ta daɗe. In kuna kiwo, ka kewaye da tsohon gidan sauro, akuya ɗaya za ta gama da aikin wata guda kafin ka dawo daga masallaci.

Tumatir kuma, in ya yi araha wajen Fabrairu ka sayi kwando a yanka a shanya kauɗa, ita za ta kai ku damina. Abokin naka ka roƙe shi ya ɗauko maka buhun taki daga kara a bayan babur ɗinsa, tsinkar farko kuma ka aika wa iyalinsa.