Wa ke riƙe da akalar ƙaramar gundumar makarantu a Amurka, kuma yaya ake gane ingancinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aiki ya kawo ni wani ƙaramin gari a yammacin jihar Pensilbaniya ta Amurka, kuma 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati ta gundumarmu, wadda ɗalibanta duka ba su kai 600 ba. Da aka fitar da sakamakon jarrabawar jiha na bana, sai na ga a aji huɗu, inda 'yata take, waɗanda suka kai matakin da ake so a lissafi sun sauko daga kashi 60 cikin 100 zuwa kashi 45, ga shi kuma an ƙara mana harajin makaranta. Wa ke da alhakin waɗannan makarantu, gwamna ne ko shugaban gari? Kuma shin in kwashe yarana mu koma wata gunduma? Daga wani mahaifi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka duba sakamakon, domin iyaye da yawa ba sa dubawa. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka ɗaga ƙafa saboda wannan adadi guda ɗaya, amma kafin in kawo dalili, bari mu fara da wanda ke da alhaki.

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, don haka al'amarin yana hannun jihohi, su kuma jihohi suka miƙa gudanarwar yau da kullum ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu a faɗin ƙasar ya kai kimanin 13,000. A wajajen 1940 sun haura 100,000, sannan aka yi ta haɗe ƙanana wuri guda. Jiharku tana da 500, alhali jihar Hawai gunduma ɗaya tak gare ta. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne mun saba da tsarin Najeriya, inda sakataren ilimi na ƙaramar hukuma naɗa shi ake yi, umarni da kuɗi kuma daga sama suke gangarowa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A inda kake, gundumar makarantu gwamnati ce mai zaman kanta, tana da iyakokinta, tana da ikon sa haraji, kuma shugaban garinku ba shi da ta cewa a cikin kasafinta.

Masu riƙe da ita mutum 9 ne da mazauna gundumar suka zaɓa, kowanne na tsawon shekara 4, kuma a Pensilbaniya ba a biyansu ko sisin kwabo. Ana zaɓensu a shekarun da lambarsu ke ƙarewa da mara, kamar 2023 da 2025, lokacin da ba a zaɓen shugaban ƙasa, shi ya sa a ƙaramin gari ƙuri'u kaɗan ke raba gardama. Galibi za ka tarar manomi ne, da ma'aikaciyar jinya, da tsohon malami, da mai shagon kayan gini. Aikinsu na asali uku ne: su ɗauki babban jami'in gunduma, wanda ake kira sufuritanda, su amince da kasafin kuɗi da adadin haraji, su kuma tsara manufofi. Shi sufuritanda, wanda ake ba kwantaragin shekara 3 zuwa 5, shi ke tafiyar da aiki, shugabannin makarantu kuma a ƙarƙashinsa suke. Saboda haka matsalar ajin 'yarka tana farawa ne daga malamar aji, ta wuce ga shugaban makaranta, sannan sufuritanda, sai a ƙarshe ta isa gaban mutum taran nan. Wanda ya tsallake wannan matakala yakan ga an mayar da shi baya cikin ladabi.

Yanzu ga maganar adadin da ya tayar maka da hankali, kuma a nan nake so ka natsu sosai. A gundumar da ɗalibanta ba su kai 600 ba, daga ajin share fage zuwa aji 12, kowane aji bai fi yara 40 zuwa 45 ba. Mu ɗauka 40 ne. Kashi 60 na 40 yara 24 ke nan, kashi 45 kuma yara 18, wato duk faɗuwar da ka gani bambancin yara 6 ne, domin kowane yaro guda yana ɗauke da kashi biyu da rabi a kansa. Iyali biyu su ƙaura da 'ya'yansu masu ƙoƙari, yaro ɗaya ya zauna jarrabawa da zazzaɓi, wasu uku su rasa matakin da amsa ɗaya ko biyu, shi ke nan adadi ya rufto. Abu na biyu, wanda ya fi wannan muhimmanci, shi ne 'yan aji huɗu na bara ba su ne na bana ba. Na bara sun wuce aji biyar, don haka tsara biyu daban ka kwatanta. A babban birni mai dubban yara a aji ɗaya irin wannan hawa da sauka yakan baje ya daidaita, amma a ƙaramar gunduma sai ya fito kamar gobara ta tashi. Na sha ganin iyaye sun yi murna da tashin kashi 15 a wata shekara, sun kuma yi baƙin ciki da faɗuwarsa a shekara mai zuwa, alhali malamar ɗaya ce, littafin ɗaya ne, koyarwar ba ta sauya ba.

Ba ina cewa jarrabawar ba ta da amfani ba ne. Dokar tarayya ta 2015, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu ta maye gurbin ta Shugaba Bush ta 2002, ta wajabta a gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da kuma sau ɗaya a babbar sakandare, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Yadda za ka ci moriyarsa shi ne ka jera na shekara huɗu ko biyar ka ga ina ya dosa, sannan ka bi tsara ɗaya daga aji 3 zuwa 4 zuwa 5. Jiharku tana da wani ma'auni mai suna PVAAS, wanda ke nuna ko yara sun ci gaba gwargwadon abin da ake tsammani daga inda suka faro, kuma shi ya fi kusa da nuna aikin makaranta, domin yawan waɗanda suka ci jarrabawa sau da yawa hoton arzikin iyaye ne kawai. Za ka same shi tare da sauran bayanai a shafin ma'aikatar ilimi mai suna Future Ready PA Index. A nan kuma ka duba yawan yaran da ke fashin kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato kimanin kwana 18 cikin 180, domin ni a wurina wannan adadi ya fi sakamakon lissafi na shekara ɗaya faɗin gaskiyar halin da makaranta ke ciki.

Game da haraji kuwa, ka sani cewa a Amurka gwamnatin tarayya kusan kashi 10 cikin 100 kawai take bayarwa na kuɗin makarantu, sauran jiha da gunduma ke rabawa, kuma kason gunduma yawancinsa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Ko haya kake yi kana biya, ta cikin kuɗin hayar. Illar wannan tsari a fili take: garin da masana'antarsa ta rufe, gidajensa suka faɗi daraja, sai ya sa haraji mai nauyi amma ya tara kaɗan. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da iyayen wata unguwar talakawa ta San Antonio a Texas suka shigar, ta yanke cewa kundin tarayya bai hana wannan bambanci ba, sai gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi. A Fabrairun 2023 wata kotun Pensilbaniya ta yanke cewa yadda jihar ke ba makarantu kuɗi ya saɓa wa kundin jihar, domin yana tauye yaran gundumomi matalauta. Akwai kuma dokar jiha ta 2006 da ta ɗora iyaka kan yawan ƙarin da gunduma za ta yi a shekara, sai dai in ta sami izini na musamman ko ta kai maganar gaban masu zaɓe.

Ƙaramar gunduma tana da nauyin da babba ba ta ji. Dole ta biya sufuritanda, da jami'in kuɗi, da motocin ɗaukar yara, da gyaran rufi da na'urar ɗumama ɗaki, ko ɗalibanta 500 ne ko 5,000. Dokar tarayya ta 1975 ta wajabta mata ilmantar da duk yaro mai buƙata ta musamman, kuma tallafin kashi 40 cikin 100 na kuɗin ilmantar da irin waɗannan yara da majalisar tarayya ta yi alkawari bai taɓa cika ba, don haka yaro ɗaya da sai an kai shi makaranta ta musamman a wani gari yana iya girgiza kasafin shekara. Haka nan duk yaron da ya koma makarantar intanet mai lasisin jiha, gundumarsa ce ke biya masa. Idan abin ya yi tsanani, ana ganin irin abin da ya faru a Duquesne kusa da Pittsburgh, inda aka rufe babbar sakandare a 2007 aka raba ɗaliban ga maƙwabta, ko Wilkinsburg da ta tura 'yan aji 7 zuwa 12 makarantar Pittsburgh a 2016. Gwamna Ed Rendell ya nemi a 2009 a rage gundumomin jihar zuwa 100, amma maganar ba ta je ko'ina ba, domin mutane suna ganin makarantarsu ita ce zuciyar garinsu. Ina ganin suna da hujja, domin a irin makarantarku shugaban makaranta ya san sunan 'yarka, kuma ranar da ba ta zo ba wani zai lura.

To, ta yaya za ka gane ko taku tana kan turba? Ka je zaman hukumar gundumar, wato mutum taran nan, wanda doka ta ce a yi shi a bainar jama'a. Galibi da yamma ake yi, sau ɗaya ko biyu a wata, a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci na sakandare. Za ka ga dogon tebur da sunan kowane wakili a gabansa, da takardar ajanda a bakin ƙofa, da wata takarda da mai son magana ke rubuta sunansa a ba shi 'yan mintuna, kuma sau da yawa kujerun jama'a ba kowa sai mutum huɗu ko biyar. Ka saurara ka ji a kan me suke ɓata lokaci. Hukumar da ke shafe awa guda a kan wanda za a ba kocin ƙwallo, ta wuce maganar karatun 'yan aji uku cikin minti biyu, ta nuna maka inda hankalinta yake. Ka bincika sufuritanda nawa aka yi cikin shekara 10, domin gundumar da ke sauya shugaba kowace shekara biyu ba ta gama shiri ɗaya kafin a kawo wani. Ka tambayi malamai nawa suka ajiye aiki bara, ka kuma duba ko ana cin kuɗin ajiya don biyan albashi. Daftarin kasafi ana ajiye shi kowa ya duba kafin a amince da shi zuwa 30 ga Yuni. Waɗannan su ne alamomin da, in sun taru suka yi muni shekara bayan shekara, zan ce maka ka fara tunanin ƙaura.

Ina jan hankalinka kan abu ɗaya da gaske: idan ba ka zama ɗan ƙasa ba, kada ka yi rajistar zaɓe ko da wani ya miƙo maka takardar, domin hakan yana iya lalata zamanka gaba ɗaya. Amma halartar zama da yin magana a matsayin mazaunin gunduma haƙƙinka ne, haka nan ganin bayanan karatun 'ya'yanka, da neman taimakon koyon Turanci ga wanda ke buƙata, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar tun 1974.

A wannan mako ka nemi ganawa da malamar 'yarka, ka je da takardar sakamakonta na bara da na bana, ka roƙe ta ta nuna maka ɓangaren lissafin da yarinyar ta yi rauni a ciki da abin da za ku riƙa yi a gida. Bayan nan ka rubuta wa shugaban makaranta tambaya ɗaya: yara nawa ne suka zauna jarrabawar aji huɗu bana, kuma mene ne sakamakon waɗannan yaran lokacin da suke aji uku?