Saki, sakewa da waƙar da ta fito sau biyu

Wani mai gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙin Turai a rediyo ya aiko da tambaya: "Malam, ina rubuta tarihin waƙar West End Girls ta Pet Shop Boys. Na rubuta cewa 'sun sake ta a 1985', sai mai duba min rubutu ya ce jimlar ba ta fita ba. Ina kuskuren yake?"

Mai duba maka rubutu ya yi gaskiya, duk da cewa nahawun jimlarka lafiya lau yake. Matsalar daga rubutun boko take, domin ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a takarda. Aikatau biyu ne suka haɗu a siffa ɗaya. Akwai saki, wanda muke ji a "ya saki igiya" ko "an saki fursuna". Idan wakilin suna ya biyo shi sai ya koma "sake": an sake shi, an sake ta. Wasalin farko gajere ne, murya kuma tana farawa ƙasa ta hau. Sannan akwai sake na sauyawa ko maimaitawa, kamar "ya sake riga" ko "ta sake zuwa". Wannan wasalinsa na farko dogo ne, murya daga sama take saukowa. A baki babu Bahaushen da zai rikita su. A takarda kuwa "sun sake ta" na iya nufin sun fitar da ita kasuwa, yana kuma iya nufin sun sauya ta. Abin da ya sa jimlarka ta fi zama tarko shi ne, a 1985 duka biyun ne suka faru da wannan waƙa.

Ga yadda abin ya kasance. Neil Tennant da Chris Lowe, su biyun da ake kira Pet Shop Boys, sun haɗu a 1981 a wani shagon kayan lantarki da ke titin King's Road a Landan. Daga baya Tennant ya zama ɗan jarida a mujallar Smash Hits, kuma a 1983 aiki ya kai shi New York, inda ya sadu da furodusa Bobby Orlando. Orlando ne ya ɗauki waƙar karo na farko, aka fitar da ita a Afrilun 1984. Ta karɓu a gidajen rawa na Los Angeles da San Francisco, ta ɗan yi motsi a Beljiyam da Faransa, amma a Birtaniya ba ta je ko'ina ba. A Maris ɗin 1985 suka warware yarjejeniyarsu da Orlando bayan doguwar tattaunawa, bisa sharaɗin zai riƙa samun kaso daga cinikinsu na gaba. Suka koma kamfanin Parlophone, reshen babban kamfanin faifai na EMI. Waƙar da suka fara fitarwa a can, Opportunities, ba ta ma shiga ɗarin farko na jadawalin ciniki ba. Daga nan suka koma situdiyo da wani furodusa, Stephen Hague, suka ɗauki West End Girls daga tushe: an rage saurin kiɗan, an zubar da wasu baitoci, an sa ƙarar titi a farkonta. Wannan ita ce ta fito a ƙarshen Oktoban 1985, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a Janairun 1986 har mako 2, ta kuma hau na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a Mayun wannan shekarar.

To, abin da za ka rubuta shi ne: "Sun sake ɗaukar waƙar, sannan suka fitar da ita a Oktoban 1985." Ka lura na zaɓi fitar. A rubutun labari na fi son ta a kan saki, domin ba ta da wata tagwaiyar da za a rikita ta da ita. Matasa a Kano da Kaduna suna cewa "ya saki sabuwar waƙa", kuma Hausa ce karɓaɓɓiya, babu laifi idan suna ne ya biyo baya. Da zarar ka kawo "ta" ko "shi", koma wa fitar.

Kada kuma ka rubuta "sun sake fitar da ita" ka tsaya nan. Wannan yana ba mai sauraro fahimtar cewa sautin 1984 ne aka kwaso aka mayar kasuwa, alhali ba haka aka yi ba. Sake fitarwa na nufin ɗauka ɗaya ce, kwali ko kamfani ko shekara ce ta sauya. Sake ɗauka na nufin an koma gaban makirfo. Akwai kuma sake haɗa sauti, inda ba a kira mawaƙi ba, sai dai injiniya ya ɗauko muryar da kiɗan da aka riga aka naɗa, kowanne a layinsa, ya ƙara ganga, ya tsawaita gabatarwa, ya rage wani abu. Irin wannan ne Shep Pettibone ya yi wa waƙar, aka sa a kundinsu mai suna Disco a 1986. Da ƙungiyar East 17 ta fitar da tata a 1993, wannan kuma sai mu ce sun rera waƙar Pet Shop Boys. Ban yarda da "sun kwaikwaya" a nan ba, don kwaikwayo yana ɗauke da ƙanshin satar salo, su kuwa waƙar wasu suka ɗauka a fili da sunan masu ita.

Kalmar bugu ma a yi hattara da ita. A harkar littafi "bugu na biyu" magana ce zaunanniya. A situdiyo kuwa "na buga waƙa" na nufin an yi mata kiɗa an ɗauka, a masana'anta kuma buga faifai na nufin matsa shi a inji. Idan ka ce "bugu na biyu" a rediyo, wani zai ji ɗauka ta biyu, wani zai ji an ƙaro kwafi.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Zariya: "Me ya sa ake ce wa bidiyon waya faifai, kuma yaya zan kira waƙa guda da aka fitar ita kaɗai ba cikin kundi ba?"

Faifai na asali shi ne wanda ake saƙawa zagayayye, a rufe ƙwarya da shi ko a yi bakace. Da garmaho ya zo, aka ga abin da ake ɗora masa zagayayye ne mai faɗi, ga layuka suna kewaya shi kamar saƙa, sai aka ce faifan garmaho. Daga nan sunan ya bi sidi, ya kuma zarce zuwa "faifan bidiyo" da ba shi da jikin da za a taɓa. Siffar ta tafi, sunan ya zauna a kan abin da ke ciki.

A zamanin da muke magana a kai, faifan roba iri uku ne a kasuwa. Babba mai inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti shi ne kundi, yana ɗaukar wajen minti 20 a kowace fuska. Ƙarami mai inci 7 yana juyawa sau 45 a minti, waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ta gaban ita ake tallatawa a kai wa gidajen rediyo, ta bayan rakiya ce. A fitowar 1985, waƙar A Man Could Get Arrested ce a baya. Na ukun shi ne mai inci 12 da aka ba waƙa ɗaya tal dukan fuskarsa. Dalilin yin haka na fasaha ne. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, yana buƙatar layi mai faɗi a jikin faifai. Idan aka cusa mintuna da yawa a ƙaramin fili, dole layukan su matsu, ƙara ta ragu, in kuma aka matsa sai allura ta riƙa tsalle. Shi ya sa gidajen rawa suka fi son mai inci 12, rediyo kuma ta riƙe ƙaramin da ke ɗauke da gajeriyar siga ta kusan minti 4. Saboda haka ki ce "faifan waƙa ɗaya" idan kina maganar wancan zamani, ki ce "waƙa tilo" ko "waƙa guda" idan ta intanet ce. Kundi kuma ki bar shi ga tarin waƙoƙi, kamar Please, kundinsu na farko da ya fito a 1986 da wannan waƙa a ciki.

Mai shirin rediyon ya ƙara da neman karin maganar da zai buɗe shirin da ita, ya ce yana tunanin "da tsohuwar zuma ake magani".

Ba ta dace ba. Wannan karin magana tana yabon abin da ya daɗe bai sauya ba, daɗewar ce ma ta ƙara masa amfani. Da sautin 1984 ne aka adana har ya yi kasuwa daga baya, da ta zauna daram. Amma an zubar da shi an yi sabo. "Mai haƙuri yakan dafa dutse" ta fi kusa, sai dai tana jingina nasarar ga jira kawai, alhali mutanen nan sun sauya kamfani, sun sauya furodusa, sun biya kuɗin fita daga yarjejeniya. Wadda na fi gamsuwa da ita ita ce "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya". Ma'anarta ta yau da kullum ita ce mutum ya daidaita tafiyarsa da sabon hali, kuma hakan suka yi: ɗaukar farko don filin rawa aka yi ta, ta biyu don kunnen mai sauraron rediyo. Ga shi kuma lafazinta ya faɗa kan batun kai tsaye, tunda kiɗan ne da kansa aka sauya.

Saura tambayar da mutum biyu suka yi, ko za a iya kiran Pet Shop Boys tagwayen mawaƙa. A'a. Tagwaye da 'yan biyu na waɗanda aka haifa tare ne, kuma mai karatu zai ɗauka 'yan uwa ne. "Ƙungiyar mutum biyu" ta wadatar. Ko "mawaƙa biyu" ma akwai gyara, domin Tennant ne mai murya, Lowe kuma shi ke kan na'ura. A al'adarmu makaɗi kan rufe duka, shi ya sa ake cewa makaɗan fada alhali jagoransu waƙa yake yi, amma a nan gara a raba: mawaƙi da makaɗinsa. Muryar macen da ake ji a ɗaukar 1985 ta Helena Springs ce, kuma 'yar amshi ita ce kalmar da ta dace da aikinta.

Na'urar da Lowe ke kaɗawa kuwa, masu situdiyonmu fiyano suke ce wa duk abin da ke da madannai baƙi da fari, har ake cewa kiɗan fiyano. A hira ya isa. A rubutu na bayani a ce sintisaiza, a kuma fayyace sau ɗaya cewa ba ta da tsirkiya ko fata a ciki, wutar lantarki take sarrafawa ta zama sauti, sannan a tace shi ya yi kauri ko siriri. Ta bambanta da na'urar da ke naɗar sauti na gaske, kamar ƙaho ko goge, ta raba shi a kan madannai, irin Emulator da aka yi amfani da ita a wannan waƙa. Ita wannan sai a kira ta na'urar naɗar sauti mai madannai, aikatau ɗin duka biyun kuma kaɗawa ne ko dannawa.