Duhun Daren Ista

Tambaya: Baba, bara na bi surukata cocin Katolika a nan Garwa daren Asabar kafin Ista. Muka tarar da cocin duhu ƙirin, har na zaci wuta aka ɗauke. Ta ce ko ƙararrawa ba a buga ba tun Alhamis. Mene ne dalili?
Wata mai karatu, Garwa

Amsa: 'Yata, da gangan aka kashe fitilun. Ranar Juma'a aka gicciye Yesu, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3. Asabar kuwa yana kabari, almajiransa sun ɓuya, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. Wannan zaman makokin ake tunawa. Shi ya sa ba a buga ƙararrawa, yinin kuma ba a yin Mas, wato babbar sujadar Katolika, bagadi ma ba a shimfiɗa masa komai.

Da dare sai a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir guda, kowa ya ɗosana nasa daga na maƙwabcinsa. Ni har yau hannuna na rawa a wannan lokacin. Na tuna shekarar da na yi jinyar mahaifiyata cikin zafin Afrilu, ina mata fifita, bakina ya kasa addu'a. A Asabar ɗin nan na gane shirun ma Allah yana jinsa.

Bana ki je da wuri, ki riƙe kyandirinki, ki bar wayar a jaka.