Ɗiyata na rausaya da ta ji kiɗa, ko iska ce?

Tambaya: Likita, ɗiyata shekararta 2. Da ta ji kalangu, ko daga gidan biki na nesa ne, sai ta hau rausaya har kiɗan ya tsaya. Uwar mijina ta ce gadon bori ne, za ta kai ta a yi mata hayaƙi. Wallahi na kasa barci. Daga wata uwa a Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, abin da kika faɗa halin yaro mai lafiya ne. Sashen ƙwaƙwalwa mai tsara motsi yana farkawa da jin kiɗa ko mutum na kwance, yana ƙiyasta inda bugu na gaba zai faɗa, jiki kuma ya bi. Shi ya sa gangar noma ke ƙara wa majiya ƙarfi ƙaimi a gayya. A 2010, masu bincike Zentner da Eerola sun gwada jarirai 120 a Turai, daga wata 5 zuwa shekara 2. Kiɗa ya fi magana motsa su, kuma wanda motsinsa ya fi dacewa da bugun ya fi murmushi. Babu mai gadon bori a cikinsu.

Hayaƙin nan shi ke ci mini rai. Na ga yaron da aka lulluɓe da zane kan kaskon garwashi da barkono, aka kawo shi ido jajur, numfashi na fita da ƙyar, wai ana korar iska. Mai maganin ya karɓi kuɗinsa har da kaza, ya bar uwa da jinya. Kada ki yarda, ko wa ya ce. Ki sa mijinki ya yi wa Inna magana cikin ladabi.

Abin takaici kuma, yaran da ke da ciwo na gaske, wato farfaɗiya, su ma can ake kai su, shekaru su wuce ba magani. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Ki kira sunanta tana cikin rawar. In ta waiwayo ta yi miki dariya, ki tafa mata. In kuwa ido ya kafe, ba ta amsawa, ko ta faɗi tana karkarwa da kumfa a baki, daga baya barci ya kwashe ta, ki kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata cokali a baki. Wani ya ɗauki bidiyo da waya, ku kawo ta asibiti a ranar.